Ranar da Gwaggo Kulu Ta Ciyar da Ƙudajen Gwamnati

Na daɗe a sashen ƙwari na tashar binciken noma ta Madani, abubuwa da yawa kuma sun shuɗe mini, amma ranar da aka tare mu a hanyar Hartum da keji biyu na ƙudaje ta ƙi barin kaina. Tun da kun nace sai na ba ku labari, ku gyara zama. Kai kuma mai danna waya, ajiye ta, ba gudu za ta yi ba.

Ni Tahiru, aikina fanni ne, wato ma'aikacin ɗakin gwaji da ke ƙarƙashin masu bincike. Mai bincike shi ke tunani, shi ke rubutu, shi ake kira taro a ba shi ruwan sanyi. Fanni shi ke wanke kwalabe, ya kiwata ƙwari, ya haɗa magunguna, in abu ya lalace kuma a tambaye shi yadda aka yi. A samanmu duka akwai shugaban sashe, wanda ba mu taɓa kiransa da suna ba, Daktur kawai muke cewa.

Abin ya faru ne a tsakiyar shekarun dubu biyu da 'yan kai, lokacin da wani sabon ƙuda ya shigo lambunan bakin kogi. Manomi ya tsinki gwaiba mai kyau a ido, ya ɓare ta, ya tarar tsutsa ta riga shi buɗa baki. A lokacin ne aka ɗauko mana wata yarinya, Ustaza Nafisa, kamar yadda muke kiran mace mai ilimi a nan, aikin gwaji na shekara guda. Ƙa'idar ita ce in shekarar ta cika kwamiti ya zauna ya duba abin da hannunka ya yi. In ya gamsu a tabbatar da kai, in bai gamsu ba ka kwashe takardunka a ba wani kujerar. Nafisa 'yar Hausawan wani ƙauye ce kusa da Rusairis. Mahaifinta bai taɓa samun hawasha tasa ba, wato gonar ban-ruwa da ake ba manomi. Tsintar auduga ya yi a gonakin mutane har bayansa ya lanƙwashe. Ita ce ta fara shiga jami'a a danginsu. In kujerar nan ta kuɓuce mata babu wata a gaba, gida za ta koma.

Hausa kuwa tana jinta sarai, amma in za ta yi magana sai ka ji kalma biyu ta Hausa, uku na Larabci. Nakan tsokane ta in ce, "Ustaza, kakanninki sun ɗauko Hausa a ƙafa tun daga Sakkwato ba su zubar da ko ɗigo ba, ke daga Rusairis zuwa Madani a mota kin zubar da rabi." Sai ta ce, da yake Ammu take kirana, wato baffa da Larabci, "Ammu Tahir, ka bar ni da ƙudajena, su ba sa yi mini gori."

Bari in faɗa muku abin da take bincike yadda za ku iya faɗa wa iyayenku. Ƙuda yana da ƙwaƙwalwa. Kar ku yi dariya, na san mutanen da ya fi su amfani da ita. Ba ta kai ƙwayar gero ba. A gabanta, ta tsakiya, akwai wasu 'yan ƙwayoyin jijiya masu aiki na daban: suna haɗa wani sinadari su tara shi a cikinsu, in lokaci ya yi su sake shi cikin jini, ya sauka ya sa ƙwan da ke cikin macen ya fara girma. Abin da ke sa su saki shi ne abinci mai gina jiki. Macen da tun fitowarta sukari da ruwa kawai take sha za ta rayu lafiya lau, amma ƙwayoyin nan suna nan cike, ƙwai kuma ba ya motsi. Ranar da ta lashi yis irin na burodi, ko madara, ko kashin tsuntsu, sai su fara saki. Ustaza so take ta nuna wa kwamiti abin da idonsu: ga ƙwaƙwalwar wadda ba ta ci ba a cike, ga ta wadda ta ci wayam.

Kafin a gani kuwa akwai aiki. Sai an cire kan, an zaro ƙwaƙwalwar da bakin allura a ƙarƙashin madubin ƙara girma, an jiƙa ta a magani ta yi tauri, an binne ta a kaki, an sa a injin yanka ya fitar da ita siri-siri, an ɗora a gilashi, an rina. In an yi daidai ƙwayoyin da ke cike sai su fito shunayya.

Shi ya sa muke da keji biyu, na katako da raga a sama. Ɗaya na masu cin yis, ɗaya na masu sukari da ruwa zalla, shi ne muka ɗaura wa jan zare. Fiye da wata guda muka yi muna renon su daga ruɓaɓɓiyar gwaibar da aka kawo mana daga Rusairis, kuma ita ce ta ƙarshe a lambun da muke samu. Sun kai lokacin yanka ke nan injinmu ya karye, maganin jiƙon ma ya ƙare. Daktur ya yi waya da wani abokinsa a Hartum, aka ce mu zo da ƙudajen da ransu, za a ba mu tebur washegari da safe. Muna cikin azumi, bai kai rabi ba, kwamiti kuma zai zauna jim kaɗan bayan salla.

Ku 'yan Jazira kun san al'adar, amma saboda baƙinmu zan faɗa. In azumi ya zo, ƙauyukan da ke bakin titin Hartum ba sa barin matafiyi ya sha ruwa a mota. Rana na yin ja za a shimfiɗa tabarmi a gefen hanya, kowane gida ya fito da tirensa, dattawa su warware rawani su miƙe shi a tsakiyar titi. Babbar mota ko ƙarama, minista ko mai jaki, sai ka tsaya ka ci. Ni kuwa ƙauyen mahaifina yana nan gab da Kamlin, na san hannun mutanena. Shi ya sa na ce wa Daktur mu tashi da sassafe. Amma takardar man mota sai an sa mata hannu, mai sa hannun ya tafi gaisuwar mutuwa, mataimakinsa ya ce shi ba ya taɓa alƙalami sai maigida ya dawo. Ba mu bar Madani ba sai bayan la'asar.

Direbanmu Siddik ne, mutumin Managil, wanda in ya hau titi sai ka ce kuɗin haya ake binsa. Ranar kuwa muna doso Kamlin motarsa ta koyi ladabi. Na ce, "Siddik, taka mana, mu wuce kafin a fito da tabarmi." Ya ce inji ya yi zafi. Har ya yi ritaya bai yarda cewa ƙamshin miya ne ya sa injin zafi ba.

Daga nesa na hango rawanin a miƙe, kuma mai riƙe da bakinsa ɗaya Baffa Sanda ne, ƙanen mahaifina. Na sunkuyar da kai kamar mai neman abu a ƙasa. Ya leƙo ta taga ya ce, "A'a, Tahiru, kai na cikin motar ga, kana ɓoyo kamar wanda yas saci akuya? Sauko."

Na ce, "Baffa, aikin gwamnati ne, muna sauri."

Ya ce, "Gwamnati ba ta azumi? Sauko nic ce."

Maza a bakin titi suke ci, mata matafiya kuwa cikin gida ake shiga da su. Ustaza ta ce ita ba za ta bar kejinta a mota ba, ga zafi ga yara. Ta rungumi ɗaya, wata mata ta ɗaukar mata ɗaya, aka nufi gidan da ya fi kusa, gidan Gwaggo Kulu, yayar mahaifina. Da na ga ƙofar da suka shiga sai na ce a raina, Allah ya kyauta. Gwaggo Kulu tsohuwa ce mai sanda, gwiwa ta hana ta tsayuwar salla, amma ba ta hana ta mulkin unguwa ba. Ita ce ta yi mini wankan farko a duniya, kuma ba ta taɓa bari na manta ba.

Abin da ya faru kafin in shiga, 'yar Baffa ce ta ba ni labari. An ajiye kejin a kan gadon igiya a tsakar gida, mata suka kewaye suna kallo. Ustaza ta roƙe su, da Hausarta mai ɗingishi, kada a taɓa, musamman mai jan zare, kada a ba su komai. Gwaggo ta matso da ido ta duba wannan, ta duba wancan, ta ce, "Ɗiyata, mi ya sa waɗanga cikinsu ya fito, waɗanga kuwa kamar tsinke?" Ustaza, da yake ba ta iya ƙarya ba, ta ce waɗannan tun da suka fito sukari da ruwa kawai ake ba su, da gangan. Gwaggo ta ce, "Uhum." Duk wanda ya san Gwaggo ya san in ta ce uhum, magana ba ta ƙare ba.

Aka kira salla, aka sha ruwa da dabino. Mu maza muka yi salla a bakin titi. Ana sallamewa na bar tiren asida, tuwon ƙasar nan, yana kirana, na ruga cikin gida. Ina shiga na ga mata sun yi sahu, Ustaza a cikinsu, suna raka'a ta biyu. Gwaggo kuwa ta riga ta yi tata a zaune, ta miƙe, tana tsaye kan keji mai jan zare da ƙwaryar kindirmo a hannu. Ta tsoma yatsa tana shafawa a kan ragar, a hankali, kamar mai shafa wa jariri mai.

Na ce, "Gwaggo, kar ki ba su."

Ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Wane ne wanga? Ɗan wa? Ka shigo gidan mutane ba sallama ba gaisuwa? Wannan aka koya maku can Madani?"

Na ce, "Gwaggo, don Allah ƙudajen..."

Ta gitta sandarta tsakanina da gadon. "Durƙusa ka gaishe ni."

To ku gaya mini, wa zai tsallake sandar yayar ubansa? Na durƙusa. Na ce barka da shan ruwa. Ta ce barka kadai, ina gajiya, ina iyali. Ta tambayi matata, ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunansu, har wanda aka haifa bara ta ce ya fara haƙori ko tukuna. Ta tambayi surukata da ciwon idonta. Ina amsawa ina kallon ragar ta ƙasan hannunta. Ƙudajen nan da suka yi kwana da kwanaki suna jira sun hau sama gaba ɗaya, sun yi baƙi ƙirin a kan kindirmon. Can gefe kuwa na lura Ustaza ta gani da wutsiyar ido. Ban taɓa ganin an yi ruku'u da sujada da sauri irin na ranar ba, Allah dai ya karɓa.

Ustaza tana sallamewa ta taso ta goge ragar da gefen mayafinta, amma aikin gama ya gama. Ta ɗaga kejin wajen sauran hasken da ya rage. Cikin ƙudajen ya yi fari fat, ana gani da ido.

Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye kejin, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar gadon, hawaye ya dinga sauka. Wallahi na ji tausayinta har cikin raina, don ni na san dare nawa ta hana kanta barci a kan abin nan. Siddik ya leƙo daga zaure da loma a hannu, da ya ji abin da ya faru ya ce da Larabci, "To wa ya sani? Ku yanka su gobe ku yi shiru." Ustaza ta ce, "Kafin gobe sun fara saki. Ko na yi shiru gilashi ba zai yi shiru ba. Kuma ba zan yi ba."

Gwaggo ta ce, "Wa ya mutu? Ni dai na ji malam ya ce wata mata ta ɗaure kyanwa ta hana ta ci, anka kai ta wuta. Ba a gidana ba, ba cikin azumi ba."

Na buɗe baki zan yi bayani, Ustaza ta ɗaga mini hannu. Ta share ido, ta matsa gaban Gwaggo, ta tattaro duk Hausar da Allah ya bar mata. Ta ce, "Inna, a cikin kansu akwai abu kamar rumbu, ƙarami. Yana tara saƙo. In ta ci abin kirki, rumbun ya buɗe, saƙon ya sauka ciki, ƙwai ya girma. Ni manya sun ce in nuna musu rumbun a rufe, a cike. In ban nuna ba bayan salla, babu aiki, in koma gida. Yanzu kin buɗe shi." Kalma ɗaya ta Larabci ba ta shiga ba. Na so in yi mata barka, amma na ga ba lokacinsa ba ne.

Gwaggo ta dubi kejin. Can ta ce, "To mi za ku yi da rumbun ƙuda?"

Ustaza ta ce, "In mun san abin da ke buɗe shi, wata rana a san yadda za a hana shi buɗewa. Su ne ke sa tsutsa a gwaiba."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Waɗanga? Su na sunka cinye min gwaiba bana da bara? Kuma na ba su kindirmona?" Matan gidan suka kasa riƙe dariya, har Ustaza sai da ta murmusa cikin kuka. Gwaggo ta harare su ta ce, "Ko maƙiyi na, in yaz zo da magariba sai ya ci. Wannan ban yi kuskure ba." Kun san tsofaffinmu, haƙuri ba ya fitowa ta bakinsu, sai dai ta wata ƙofar. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Ina aka samun wasu?"

Na ce daga ruɓaɓɓiyar gwaiba ake renon su, kuma in aka faro daga nan lokaci ba zai kai ba. Ustaza ta ce sai dai in an sami waɗanda suka riga suka shiga ƙasa. Ta yi bayani cewa tsutsa in ta ƙoshi takan fita daga gwaiba ta faɗa cikin yashi a gindin bishiya, ta naɗe kanta cikin ɗan ƙwanso mai kama da ƙwayar alkama, bayan kamar kwana goma ƙuda ya fito. In an sami irin waɗannan, an yanke rabin tafiya. Amma tono su aikin mutum da yawa ne, sai an tankaɗe ƙasa, mu kuma a tasha ba mu da hannu.

Gwaggo ta ce, "Tankaɗe? Shi ke nan abin da kika yi wa kuka? Tashi ki ci abinci."

A ƙauyen muka kwana. Da gari ya waye na je shagon da ke da waya na kira Daktur, na faɗa masa komai tiryan-tiryan. Ya saurara har na gama. Sai ya ce, "Tahir, rawani suka miƙa?" Na ce rawani. Ya ce, "Ni ma sun taɓa kama ni a wajen, da baƙi Turawa a motata, har da su aka zauna a tabarma." Ya ce zai roƙi abokinsa ya ɗaga mana tebur zuwa ƙarshen azumi, amma ranar kwamiti ba a hannunsa take ba, ba kuma za ta motsa ba.

Ina dawowa na tarar gidajen unguwar wayam. Na bi sawu zuwa lambunan bakin kogi. Jama'a, abin da na gani ban taɓa ganinsa a wata tasha ba. Mata sun bazu a gindin bishiyoyin gwaiba, kowace da rariyar tankaɗen garinta, suna kwasar yashi suna tankaɗewa, ga azumi a baki. Ustaza tana bi tana nuna musu wanne ne ƙwanso, wanne ne kashin akuya. Gwaggo tana zaune a tsakiya a kan buhu, ƙafafu a miƙe, rariya a cinya, tana tankaɗe tana ba da umarni. Baffa Sanda ya zo wucewa ya tsaya ya ce, "Yau tuwon yashi za mu sha ruwa da shi?" Gwaggo ta ce, "Kai da ka tare su a hanya, zo ka kwaso ƙasa." Haka dattijon nan ya naɗe hannun riga ya koma ɗan aike. Siddik ne kaɗai ya sami inuwa ya ce shi gadin mota yake yi, motar kuwa tana can bakin titi.

Rana ta take. Na ce wa Gwaggo ta koma gida, sauran za su ƙarasa. Ta ce in kula da aikina. Ustaza ta roƙe ta, Gwaggo ta ce sai ƙwanson ya rufe gindin tasar da ake tarawa a ciki. Wajen azahar na ga rariyar ta suɓuce daga hannunta, kanta ya yi gefe. Muka kwashe ta zuwa inuwa, aka yayyafa mata ruwa, leɓenta ya bushe ƙamas, idonta ya faɗa. Matar nan tun da ta manyanta ba a taɓa jin ta ajiye azumi ba, ko zazzaɓi take yi, abin alfaharinta ke nan a unguwa. Aka kawo ruwa ta kau da kai. Baffa ya yi magana ta kau da kai. Sai Ustaza ta durƙusa ta riƙe kofin da hannu biyu ta ce, "Inna, in wani abu ya same ki saboda ni, ko sun ba ni aikin ba na so." Gwaggo ta dube ta, sannan ta buɗe baki ta sha. Ba wanda ya yi dariya a nan.

Muka koma Madani da abin da aka samu, ba tasa cike ba, ɗan abin da ya rufe gindinta. Kada ku zaci daga nan komai ya tafi sumul. Wasu ƙwanson fanko ne, masu shi sun riga sun fita. Wasu suka fito da 'yan ƙananan zanzaro maimakon ƙuda. Wasu wani irin ƙuda ne daban. Rabin na kirkin kuma maza ne, ba ruwansu da ƙwai. Kowace safiya mukan ware waɗanda suka fito ranar, mu raba su gida biyu, Ustaza tana ƙirga matan tana cije leɓe. Da ƙyar suka kai abin da za a iya nunawa ba kunya.

Tafiya ta biyu ni na karɓi takardar mai tun jajibiri, na kuma sa Siddik ya tayar da mota ana idar da asuba. Muka wuce Kamlin rana ba ta yi zafi ba, inji kuma bai yi zafi ba, abin mamaki. A Hartum muka yi aikin. Ranar da aka gama rini Ustaza ta sa gilashin farko a madubi, ta duba, ta daɗe ba ta ɗago ba. Sai ta matsa ta ce, "Ammu Tahir, zo." Na sa ido. Ga su nan, tsibi biyu gefe da gefe, shunayya shar, cike taf. Ta canja gilashi ta sa na masu cin yis, wurin ya yi fayau. Na yi shekaru ina wanke gilashin mutane, amma ranar ce na fi jin daɗin aikina.

Kwamiti ya zauna bayan salla. An ce wani dattijo a cikinsu ya yi ƙorafin cewa ƙudajen sun yi kaɗan, ta faɗa masa dalili ba ta rage komai ba, har kindirmon. Aka tabbatar da ita.

Ranar Juma'ar da ta biyo ta ce in raka ta ƙauye. Ta sayi alewa da sukari da sabon mayafi, ta kuma riƙe hoton gilashin nan a ambulan. Muka isa bayan la'asar, muka tarar da Gwaggo a kan gadon igiya tana jan carbi. Wannan karon sai da na durƙusa na yi gaisuwa har ta ƙare kafin in ce uffan. Ustaza ta ɓare alewa ta miƙa mata. Gwaggo ta ture hannunta ta ce, "Ajiye. Ramuwa nika yi." Ranar lambun nan ce take biya, ita kaɗai a gida, kowa yana cin abincinsa.

Ustaza ta janye hannunta. Ta fito da hoton za ta nuna mata, Gwaggo ba ta ko kalle shi ba. Ta ce, "Ni ba ni ganin waɗanga abubuwa. Sun ba ki aikin?"

Ta ce, "Sun ba ni, Inna."

Gwaggo ta rufe ido ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta ja carbi kaɗan, sannan ta ce, "To zamna nan kusa da ni. Ba ki fita garin ga sai mun sha ruwa tare." Ustaza ta mayar da alewar cikin takardarta, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar gadon, ba ta sa komai a baki ba har aka kira magariba.

Abin da na koya ke nan, ku kuma ku riƙe. A aikinmu muna tsare keji daga tururuwa, daga zafi, daga ɓera, mu manta da mutane, alhali mutanenmu ba da mugunta suke ɓata mana aiki ba, da alheri ne. In za ku shiga ƙauye da wani abu a hannu, ku fara zama ku faɗa wa tsofaffi mene ne shi da amfaninsa, da harshen da suke ji, kafin a kira salla. In sun gane, za su yi muku abin da kasafin gwamnati ba zai yi ba. Gwaggo Kulu ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta. Ustaza Nafisa ce ta zauna a tabarmar makoki tare da 'ya'yanta mata har aka tashi, kuma da Hausa ta karɓi gaisuwa.